Muhawara: Daga masaƙar Kakuri zuwa Majalisar Dattawa, me ma'aikata suka samu a tafiyar Kwamared Oshiomhole?

Ɗan Makera: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina so iyayenmu da suka ga jiya su sa mana baki. Duk Najeriya babu ɗan ƙwadagon da ya yi nisa a siyasa kamar Adams Oshiomhole. Ya shugabanci uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999 zuwa 2007, ya yi gwamnan Edo daga 2008 zuwa 2016, ya riƙe APC ta ƙasa daga 2018 zuwa 2020, tun 2023 kuma yana Majalisar Dattawa. Kuma nan Kaduna ya yi wayo, a masaƙar Arewa Textiles ya fara. To wannan tafiya tasa ta amfani ma'aikaci, ko shi kaɗai ta amfana? Ni dai a ganina mun yi asarar jagora, 'yan siyasa sun samu ƙarin mutum ɗaya.

Baba Mai Saƙa: Wa alaikumus salam ɗana. Ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Amma kafin a yanke wa mutum hukunci, a fara sanin inda ya taso. Ku kun san Kakuri da kangon gine-gine da ciyawa, mu mun san ta da jiniya. Gwamnatin Sardauna ce ta kawo masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki a 1957, masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, akwai kuma su Nortex da Finetex. Idan jiniya ta buga masu aikin safe suka fito, masu aikin rana na shiga, kekuna sai sun toshe hanya daga Kakuri har Makera da Nasarawa. Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Igala da mutanen Auchi, duk a ɗaki ɗaya muke shaƙar ƙurar auduga. Masu abinci, masu gyaran keke, masu gidajen haya, kowa yana jiran ƙarshen wata.

A cikin wannan taro Adamu, wato Oshiomhole, ya taso. Ma'aikatan masaƙar Arewa suka zaɓe shi sakataren ƙungiyarsu a 1971, bai cika shekara ashirin ba. A 1975 ya koma aikin ƙungiya ɗungurungum, ya je Ingila ya yi karatun ƙwadago a Kwalejin Ruskin da ke Oxford, a 1982 ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa. Hedikwatarta tana nan Kaduna, da kuɗin da ake cirewa a albashinmu aka gina ta.

Abin da nake so ku gane shi ne, da can manaja na iya korar mutum a bakin ƙofa ba wanda zai ce uffan. Bayan an haɗe ƙananan ƙungiyoyi a 1978, aka koma zama da ƙungiyar masu masaƙu gaba ɗaya, a yi yarjejeniya ɗaya ta hau kan kowa: kuɗin haya, kuɗin mota, kuɗin abinci, garatuti. Adamu gwanin wannan zama ne. Mutane sun ɗauka ihu ne ƙarfinsa. A'a, lissafi ne. Sai ya san ribar kamfani da kuɗin audugar da aka saya kafin ya buɗe baki. Wanda ya ci wannan moriya ba zai zage shi ba.

Ɗan Makera: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wancan Adamun ban da ja a kansa. Na bayan 2007 nake tambaya.

Maman Walida: Baba, da girmanka, ni tun kafin 2007 nake da magana. Mahaifinmu ya yi shekaru a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Ranar da aka rufe, takarda kawai aka liƙa musu. Ya yi ta zirga-zirgar neman haƙƙinsa har ciwo ya kwantar da shi, ya rasu bai karɓi ko sisi ba. Mahaifiyarmu da tuyar ƙosai ta ƙarasa rainonmu. Ku duba lokacin: KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007, Arewa a tsakaninsu. KTL da Arewa duk yana kan kujerar NLC aka rufe su. Ya tsayar da ƙasar nan cak saboda ƙarin naira goma a litar mai, amma gidan da ya raine shi yana rushewa ba a tsayar da ƙasa ko na yini ɗaya ba. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Baba Mai Saƙa: Allah ya jiƙan mahaifinki 'yata, ya sa ya huta. Irinsa suna da yawa, wasu ni na raka su makwanci. Ba ni da bakin ba ki haƙuri da ya wuce wannan.

Malam Akawu: Allah ya gafarta masa. Hajiya, ciwonki gaskiya ne, amma bari in faɗi yadda nake ganin abin. Yajin aiki makami ne a kan mai kamfanin da yake so injinsa ya ci gaba da juyawa. Ranar da ya ga rufewa ta fi masa sauƙi, in kin ce za ki daina aiki kin taimake shi ne. Abin da ya kashe masaƙu ba a ofishin manaja yake ba. Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Atamfar Sin ta riƙa kwararowa ta Kwatano da iyakar Nijar har Kantin Kwari, an kwaikwayi zanenmu, ana sayarwa a farashin da ko audugar Funtuwa ba zai saya ba. Wuta babu, kowace masaƙa da janaretonta. Baƙin man da tukunyar tururi ke sha ya yi tsada ya yi wuya, alhali ga matatar mai nan a Kaduna. Injuna kuma sun tsufa. Ƙungiyar masaƙu ta yi gangami a kan fasa-ƙwauri ba sau ɗaya ba, amma kwastan da lantarki da kuɗin ruwan banki duk a Abuja ake yanke su.

Shi ya sa ni ban ga laifin ɗan ƙwadago ya shiga siyasa ba. Idan can ake yanke hukuncin da zai rufe maka masana'anta, zama a waje kana ɗaga kwali ba zai wadatar ba.

Maman Walida: To Malam, ai ya shiga. Wace masaƙa aka buɗe?

Malam Akawu: Nan kam kin kama ni da hujja mai ƙarfi. Gwamnan Edo ba shi da iko a kan kwastan. Amma lokacin da yake shugaban jam'iyya mai mulki, yana shiga wurin Buhari, ya kamata a ce an ji shi a kan wannan fiye da yadda aka ji. An ware naira biliyan 100 ta Bankin Masana'antu tun wajen 2010, Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a 2019, duk da haka Kakuri tana nan yadda take.

Sarkin Matasan Kawo: Ku yi wa mutumin nan adalci mana. Wa ya tsaya wa Obasanjo lokacin da jam'iyyun adawa suka zama 'yan kallo? A watan Yunin 2000 an kai mai daga naira 20 zuwa 30, yajin aiki ya dawo da shi 22. A 2003 an kai shi 40 daga 26, aka yi kwana takwas ƙasa a rufe, ya dawo 34. A watan Oktoban 2004 jami'an tsaron farin kaya suka kama shi a filin jirgin Abuja. A zamaninsa aka samu mafi ƙarancin albashi na naira 7,500 ga ma'aikatan tarayya da 5,500 ga na jihohi a 2000. Da ya je Edo, PDP aka ba nasara a zaɓen 2007, bai ɗauko 'yan daba ba, ya tafi kotu, har kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi kujerarsa a Nuwamban 2008. Ya gina tituna da magudanan ruwa a Benin, ya gyara makarantun firamare. A 2016, lokacin da jihohi da yawa ke bin ma'aikata bashin albashi na watanni, shi ƙara mafi ƙarancin albashi ya yi zuwa naira 25,000, alhali na ƙasa 18,000 ne. Gwamna nawa ya yi haka a Arewa?

Malama 'Yar Rigasa: Ƙanina, wannan na albashi na yarda, kuma a yaba masa. Amma ka tambayi malaman makaranta na Edo. Shi ne ya taso da jarrabawar gwada malamai a 2013, ƙungiyar malamai ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta kai ruwa rana har ya janye. Mu a Kaduna mun san ɗacin wannan, don a 2017 an yi ta, aka ce malamai sama da 21,000 sun faɗi, aka sallame su. Ban ce kowane malami ya iya aikinsa ba, ni ma na san akwai waɗanda bai kamata su riƙe alli ba. Amma wa ya ɗauke su? 'Yan siyasa ne suka cusa su. Ɗan ƙwadago ya fi kowa sanin cewa ba a tozarta ma'aikaci a gaban kyamara, zama ake yi a fitar da hanyar horaswa da ta sallama cikin mutunci.

Sai kuma matar nan da mijinta ya rasu, mai kasa kaya a bakin titi a Benin, wadda ya daka wa tsawa a 2013 tana durƙushe tana roƙo, ya ce ta je ta mutu. Na san daga baya ya kira ta ya ba ta haƙuri, ya ba ta naira miliyan 2 da aiki. Ya kyauta da ya yi hakan. Amma ranar da na ga hoton bidiyon nan jikina ya yi sanyi, don kakin da ke jikinsa na ma'aikata ne.

Sarkin Matasan Kawo: Anti, mulki daban, gwagwarmaya daban. Shugaban ƙungiya nema kawai yake yi, gwamna shi ke biya. Ma'aikatan gwamnati kaɗan ne a cikin al'ummar jiha, manomi da ɗan kasuwa su ma suna da haƙƙi a baitulmali.

Malama 'Yar Rigasa: Haka ne. To me ya sa da yana NLC bai karɓi wannan uzuri daga bakin gwamnoni ba?

Direban Keke: Ni ba dogon turanci na sani ba. Abin da na sani, ran 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000. Jam'iyyarsa ce ta yi, kuma yana cikinta daram. Mutumin da ya rufe ƙasa a kan naira goma. In tallafin ɓarna ne yanzu, ashe da ma ɓarna ne, a fito a gaya mana. In kuwa haƙƙin talaka ne a 2003, to har gobe haƙƙinsa ne. Fasinja daga Kasuwar Barci zuwa Tudun Wada sai mun yi ciniki kamar za a sayi akuya, shi ba shi da shi, ni ma in na rage ba zan kai balas ba.

Sarkin Matasan Kawo: Duk manyan 'yan takarar 2023 sun ce za su cire tallafi, har da na jam'iyyar Leba. Kada a ɗora wa mutum ɗaya.

Direban Keke: Su ba su taɓa ce mini su nawa ba ne. Shi ya ce.

Kwamared Tudun Wada: Jama'a, ina ganin mun tsaya a kan halin mutum ɗaya, mun bar asalin ciwon. Oshiomhole ya shiga siyasa shi kaɗai, bai shiga da ma'aikata ba. Kuma abin takaicin, hanyar tana hannunsa. A zamanin shugabancinsa NLC ta yi wa jam'iyyarta rajista a 2002, wadda ta zama jam'iyyar Leba. Da zaɓen 2007 ya zo, sai ya tsaya a jam'iyyar AC. Daga ranar, waɗanda suka ba shi tikiti da kuɗin kamfe su ne iyayen gidansa. Babu wani taron wakilan ma'aikata da zai kira shi ya yi bayani, babu mai iya cire shi. A masaƙa kuwa in sakatare ya sa hannu a yarjejeniyar da ba ta yi ba, Baba zai gaya muku abin da ke biyo baya.

Ku duba Lula na Brazil. Shugaban ma'aikatan ƙarafa ne, suka kafa jam'iyyarsu a 1980. Ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 1989 da 1994 da 1998, bai sauya sheƙa ba, sai a 2002 ya ci. Ya hau da jam'iyyar da ke da rassa a masana'antu da unguwanni. Sannan ku duba Chiluba na Zambiya, shi ma shugaban ƙwadago ne, ya kayar da Kaunda a 1991 da haɗakar kowa da kowa, ya hau ya shiga sayar da kamfanonin gwamnati, ma'aikata da yawa suka rasa aiki. Namu ya fi kama da na biyun.

Baba Mai Saƙa: Gaskiya ne Kwamared. Akwai lokutan da ma'aikata suka fusata da shugabannin ƙungiya har sai da aka ɓoye su. Tsoronmu suke ji, kuma wannan tsoro ne ya sa suka yi aiki.

Sarkin Matasan Kawo: Yaya Kwamared, Najeriya ba Brazil ba ce. Jam'iyyar da ba ta da wakili a kowace rumfa, ba ta da kuɗin lauyoyi, ta yaya za ta kayar da PDP ta wancan lokaci a Edo? Da a Leba ya tsaya da yanzu ba ma wannan zancen.

Kwamared Tudun Wada: A zaɓen 2007 ɗin nan Olusegun Mimiko ya tsaya takarar gwamna a Leba a Ondo, maƙwabciyar Edo, shi ma ta kotu ya karɓi kujerarsa a 2009. Ashe ana iyawa. Sai dai shi ma ba ma'aikata suka tsayar da shi ba, daga PDP ya fito ya ari jam'iyyar, kamar yadda Peter Obi ya yi a 2022. Ka ga inda muka tsaya ke nan: 'yan siyasa na aron jam'iyyar ma'aikata, shugaban ma'aikata na aron jam'iyyar 'yan siyasa. Issa Aremu, wanda ya gaji Oshiomhole a ƙungiyar masaƙu nan Kaduna, ya gwada takarar gwamnan Kwara a Leba a 2019, bai kai labari ba. Don ba a gina komai a ƙasa ba.

Kuma kada mu manta gwamnati ba barci take ba. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago da Obasanjo ya gyara a 2005 ta sa shiga ƙungiya ya zama ganin dama, ta buɗe ƙofar a samu uwar ƙungiya fiye da ɗaya, ta ƙuntata dalilan da za a iya shiga yajin aiki a kansu. Saboda yaje-yajen Oshiomhole aka yi ta. Yanzu ga shi a majalisar da ke da ikon gyara ta. Ina jira in ga ya tsaya a kan wannan da irin zafin da ya tsaya a kan rikicin jam'iyya.

Bazazzagi a Maraɗi: Ina biye da ku daga nan Nijar. Mu ma muna da namu, Djibo Bakary. Ɗan ƙwadago ne, ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya jagoranci gwamnati a 1957. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958 ya ce a'a ga Faransa, aka kayar da shi, aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a 1959, ya yi gudun hijira. Bai daɗe a kujera ba, amma har yau tsofaffi a nan in sun ambace shi da girmamawa suke yi. Na kawo shi ne don a san wanda ya ƙi sauyawa ma akwai kuɗin da yake biya.

Ɗan Makera: Shugabancinsa na APC fa? Ba wanda ya taɓo shi. A nan ne ni ya fi ba ni mamaki. Rikicin zaɓen fid da gwani ya sa kotun ƙoli ta ƙwace duk kujerun APC a Zamfara a watan Mayun 2019, a Ribas ma ba su shiga zaɓe ba. Nan Kaduna ta Tsakiya mun ga yadda aka yi ta jan tikitin sanata har Shehu Sani ya fice ya koma PRP. A Edo ya ɓata da gwamna Obaseki, magajinsa da shi ya kawo, ƙarshe daga mazaɓarsa aka dakatar da shi, kotu ta tabbatar, aka rushe shugabancin jam'iyyar a Yunin 2020. Mutumin da aka sani da iya zaman sulhu da masu masaƙu.

Sarkin Matasan Kawo: Saboda ya ce a yi 'yar tinƙe, 'yan jam'iyya su zaɓa da kansu, gwamnoni su daina rubuta suna a ɗaki. Shi ya sa suka haɗe masa kai. Wannan ai aƙidar ƙungiya ce ya kawo cikin jam'iyya.

Malam Akawu: Akwai gaskiya a nan, gwamnoni ba su so 'yar tinƙe ba. Sai dai ba a yi ta bai ɗaya ba, wata jiha 'yar tinƙe, wata wakilai, shi ya buɗe ƙofar zargi.

Shugaban Zaure: Jama'a, na goge saƙonni biyu da suka koma zagin ƙabila da addini. Mutumin nan a yi masa hisabi a kan aikinsa. A ci gaba.

Malama 'Yar Rigasa: Na gode Shugaba. Abin da Kwamared ya faɗa ya tuna mini Mayun 2021, lokacin da shugaban NLC na wancan lokaci, Ayuba Wabba, ya jagoranci yajin gargaɗi a nan kan korar ma'aikata. Wuta ta ɗauke, jirgin ƙasa ya tsaya, bankuna suka rufe, gwamna ya ce ana neman Wabba ruwa a jallo, a kwana na uku aka janye. Ƙarfin yana nan, amma na kwana uku ne. Bayan nan kowa ya koma gida, ranar zaɓe kuma kowa ya bi jam'iyyar unguwarsu. Mu ma ma'aikata sai mun tambayi kanmu.

Baba Mai Saƙa: Malama kin faɗi gaskiya. Ni dai ba zan ce Adamu ya ci amanata ba, don abin da ya karɓo mana a masaƙa da shi na aurar da 'ya'ya. Amma ƙarfin da kuka gani a jikinsa namu ne, na dubban mutanen da in aka ce a kashe inji za su kashe. Yau jikokina ɗaya yana tuƙa keke, ɗaya yana gadi a hannun ɗan kwangila, ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba ƙungiya. Ko an haifi wani Adamun a cikinsu, a ina zai koyi aikin, su wa za su zaɓe shi?

Maman Walida: Baba, ni buƙatata ƙarama ce. KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce, gwamnoninsu a nan Kaduna suke taro, tsofaffin ma'aikatanta da matan waɗanda suka rasu sun fi shekara ashirin suna bin haƙƙinsu. Na sauran masaƙun da aka rufe ma da yawa haka suke. Muna da sanatoci uku daga jihar nan, ga shi kuma shi na huɗu wanda ya san sunan kowace ƙofa a Kakuri. A rubuta musu takarda su kai maganar zauren majalisa. Malam Akawu, kai ka iya tsara rubutu, ko za ka taimaka?

Malam Akawu: Zan yi in sha Allahu, Hajiya. Amma sai an haɗa da ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan, don su ke da jerin sunaye da adadin abin da kowa ke bi, kada mu rubuta abin da za a ƙaryata. Baba, ka san waɗanda ke riƙe da takardun?

Baba Mai Saƙa: Na san biyu daga cikinsu, masallaci ɗaya muke sallar Juma'a da ɗaya. Zan yi masa magana wannan makon. Duk wanda mahaifinsa ya bar katin aiki ko takardar albashi ta ƙarshe, ya nemo ya adana, za a buƙace su.